Kafin ku canza kamfanin harsashi

'Yan uwa mafarautan Jos masu lasisi, in za ku canza kamfanin harsashi, don Allah ku duba kwalin kafin ku ɗura. Harsashi lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututun bindiga) ba duka ɗaya ba ne: akwai mai tsawon milimita 70, akwai 76. Na 76 zai shige bindigar 70 sumul, amma da an harba matsin ya yi yawa, bututun na iya tsagewa. Tsawon harsashin da bindigar ke ɗauka yana rubuce a jikin bututun, ku goge ku karanta.

Ni nakan kafa kwali a nisan taku 30 in gwada sabon, don harsashin wani kamfanin yakan watsa ƙwayoyin da ke cikinsa sosai.

Sake cusa albarushi a tsohon kwanso a gida kuwa, doka ta hana, kuma yana raba mutum da yatsunsa.