Babban gida ko unguwa mai kyau: inda masu saye ke yin kuskure a Kano

Kuɗin da zai saya maka ɗaki uku da falo a Tarauni ko Gandun Albasa, idan ka nufi bayan gari wajen Ungogo ko Kumbotso, sau da yawa zai ba ka gida mai sassa biyu da tsakar gida mai faɗi. Nan ido yake rufewa. Ni dai ra'ayina, idan kuɗi bai isa a haɗa biyun ba, unguwa ce gaba, domin ɗaki ana ƙara shi a hankali, amma mutum ɗaya ba ya faɗaɗa layi ko ya haƙa wa unguwa magudanar ruwa.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne duba gida da rani. Dillali zai kai ka a watan Maris, ƙasa a bushe, ko'ina tsaf. Ka koma a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, kai kaɗai. Dubi gindin bango: idan an shafa sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, akwai abin da ake ɓoyewa. Dubi ƙofofin maƙwabta, ko sun ɗaga dakali, ko sun jera buhunan yashi. Wurare da dama a Kano tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara aka yi gini a kai, kuma mai shagon bakin layi zai faɗa maka gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Sannan ka tambaya ko filin awon gwamnati ne ko awon igiya, wato wanda masu fili suka yanka da kansu ba tare da tsarin gwamnati ba. A awon igiya sau da yawa ba a ware filin makaranta ko kwata, layin ma tifar yashi ba ta iya shiga, balle ranar da za a fitar da mara lafiya cikin dare.

Sai lissafin zirga-zirga, wanda mutane ke mantawa gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, nisa ya zama kuɗi tsagwaronsa. Ɗauki biro ka haɗa kuɗin Adaidaita Sahu na yara zuwa boko da Islamiyya, naka zuwa Kantin Kwari ko ofis, da na 'yan garuwa idan rijiyar wurin ba ta da ruwa, ka ninka zuwa shekara. Wuta ma ka tambaya: tun Afrilun 2024 masu Band A, wato rukunin farko na masu shan wutar lantarki, ke biyan kuɗi mai tsada a kan alƙawarin awa 20 a rana, wasu unguwannin kuwa sola ce kawai mafita.

Akwai masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, masu sayen suna. Mutum da iyali goma zai cusa kansa a ɗaki biyu don a ce yana unguwar manya, alhali yara maza da mata sun kai a raba musu makwanci. Wannan ma cuta ce. Gyaransa shi ne ka nemi ƙaramin gida mai ragowar fili, ko ka kawo injiniya ya duba ko tubalinsa zai ɗauki bene, ka kuma san cewa ƙarin gini sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.

Takardu kuwa ba a yi musu gaggawa, ko a wace unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ka je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika lambar fulotin kafin ka biya ko da kuɗin kafin alƙalami. Idan gidan gado ne, kada ka yarda da "ni ne babba, sun wakilta ni". A kawo takardar rabon gado, kowane magaji, har matan da ke gidan aure, ya sa hannu a gaban shaidu.