Yadda za ka bar jikinka ya saki melatonin a kan lokaci

Melatonin sinadari ne na jiki mai alaƙa da barci, yana fitowa ne daga wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ana kiransa finiyal, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Asalin melatonin tiriftofan ne, sinadarin da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ya samu daga abinci mai furotin. Tiriftofan ya zama wani sinadari mai suna serotonin, idan duhu ya yi kuma serotonin ya koma melatonin. Aaron Lerner da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka ne suka fara ware shi a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu.

Mutane da yawa sun ɗauka maganin barci ne. Aikinsa na gaskiya shela ce: yana sanar da gaɓoɓin jiki cewa dare ya yi. Ido ne ke kai wa agogon ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke tsara lokacin barci da farkawa, labarin haske, agogon kuma ya ba finiyal izini ko ya hana shi. Don haka gyaran yana hannun haske.

Fara da safe. Da ka tashi, fita waje ka yi kamar minti ashirin zuwa talatin cikin hasken rana, ko da akwai gajimare. Hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa, shi ne kuma ke saita agogon ya fara sakin melatonin da wuri idan dare ya yi. Wannan mataki ne aka fi rainawa, alhali a ganina shi ne ginshiƙi.

Sai yamma. Melatonin yakan fara hauhawa kamar awa biyu kafin lokacin da ka saba kwanciya, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare. A cikin waɗannan awanni biyu, kashe fitilu masu ƙarfi, ka bar ƙarama mai ɗan ja-ja. Haske mai shuɗi, irin na allon waya da kwamfuta da fararen ƙwayayen lantarki, shi ya fi danne melatonin. Idan dole ne ka duba waya, rage haskenta sosai, kada kuma ka kawo ta dab da fuska. Ɗakin kwana ya yi duhu. Idan ka farka cikin dare, kada ka kunna babbar fitila.

Riƙe lokacin tashi ɗaya, har ranakun hutu. Kofi kuma ka bar shi tun da rana, domin rabin kafeyin, sinadarin cikinsa mai hana barci, yana nan a jini bayan kamar awa biyar.

Game da ƙwayar melatonin, lokacin shanta ya fi yawanta muhimmanci, kuma ta fi amfani ga wanda agogonsa ya goce, kamar matafiyin da ya tsallake yankunan lokaci a jirgin sama. A Amurka ana sayenta ba takardar likita, a Birtaniya kuwa sai likita ya rubuta. Mai juna biyu, mai shayarwa, yara, da mai shan maganin tsinka jini ko na farfaɗiya, su tuntuɓi likita kafin su taɓa ta. Idan ka bi waɗannan matakai makonni da dama barci bai daidaita ba, je a duba ka, domin munshari mai yanke numfashi ko ciwon damuwa na iya zama sanadi.