Darasi na Tara: Kai Rahoto da Wuri Kafin Annoba Ta Bazu

Annoba ita ce cutar da take yaɗuwa cikin hanzari har ta kama jama'a da yawa a lokaci guda. A ƙasashe masu tasowa, inda likitoci suka yi ƙaranci kuma ɗakin gwajin jini yake da nisa, babban abin da ke ba cuta dama shi ne jinkirin da ake samu daga ranar da mutum na farko ya kwanta zuwa ranar da hukumar lafiya ta ji labari.

A watan Disamba na 2013 wani yaro ya rasu a wani ƙauye na kudancin ƙasar Gini, amma ba a gane cewa Ebola ce ba sai a Maris na 2014. Cikin wata ukun nan cutar ta yi ta bin masu jinya da waɗanda suka taɓa gawa, daga baya ta tsallaka Laberiya da Saliyo, kuma kafin ta lafa a 2016 ta kashe sama da mutum 11,000. Da ta shiga Legas a Yulin 2014, an gane ta cikin 'yan kwanaki, ma'aikatan lafiya suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna auna zafin jikin kowannensu har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu.

Saboda haka, idan kuka ga mutum biyu ko uku a gida ɗaya sun kwanta da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko kaji suna ta mutuwa ba dalili, ku sanar da ma'aikacin lafiya a ranar. Kunya da tsoron tsangwama kan sa wasu su ɓoye majinyaci, alhali ɓoyewar ce take fara cutar da 'yan gidansu.

Kafin taimako ya iso, a ware majinyacin a ɗaki mai iska, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, yana wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 duk lokacin da ya fito. A nan ne rubutun da kuke koya zai yi rana: ku rubuta sunan duk wanda ya zo dubiya da ranar da ya zo, domin da wannan takarda masu bin sawu za su fara aiki.

Aikin gida: kowa ya rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da shi da lambar wayar ma'aikacin lafiya a shafin farko na littafinsa, ya zo da shi darasi na gaba.