Yadda za ka gane kalmar glasshouse kuma ka sa ta inda ta dace

Shekaranjiya da daddare muna zaune wurin mai shayi nan wajen Ƙofar Ƙaura ɗan yayata ya miƙo min wayarsa ya ce Kawu don Allah duba min wannan, wai Glass House ta fitar da sunayen 'yan wasan Super Eagles, shi kuma a makaranta malamin aikin gona ya koya masu cewa glasshouse wurin rainon shuka ne, to mi ya haɗa ƙwallo da lambu? Wallahi na ji daɗin tambayar, don kalmar na cikin masu kayar da yara a jarabawa, ƙamus ɗin waya kuma sau da yawa ma'ana ɗaya zai ba ka ya yi shiru. Ga yadda nake bi da ita in na ci karo da ita, kuma haka na koya mashi.

Fara gyara bakinka tukunna. Kalmomi biyu ne aka liƙa, glass wato gilashi da house wato gida, to da yake s da h sun haɗu a tsakiya sai ido ya ga kamar "sh" ɗin shayi, yaro ya karanta maka "gilashaus". A'a. Ka ce "gilas", sannan ka ce "haus", nauyin muryar a kan ta farko. In suna da yawa glasshouses ne, ƙarshen ya fita kamar "hauziz".

Ma'anarta ta yau da kullum ita ce wadda malaminsu ya faɗa, gini ne da bango da rufi duk gilashi, ana shuka a ciki. Dalilinsa sanyi ne, su can Ingila hunturunsu kashe shuka yake yi, to gilashin yana barin hasken rana ya shiga ya ɗumama ƙasa da tukwanen shuka, iskar da ta yi ɗumi kuma ba ta da ƙofar fita sai ta tsaya ciki. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a rana cikin watan Afrilu a Katsina da gilasai a rufe, ya dawo ya kasa taɓa sitiyari, to ya riga ya san yadda abin yake aiki ba sai an zana mashi a allo ba. Da wannan dabarar suke noman tumatir da kokwamba da furanni a lokacin da waje ƙanƙara ke zuba. A lambun Kew da ke Landan akwai wani babba da ake kira Palm House, an gina shi tsakanin 1844 da 1848 da ƙarfe da gilashi don kawai itatuwan ƙasashen zafi irin su kwakwa su rayu a garin da ba nasu ba, har yau yana nan mutane na biyan kuɗi su shiga. Kuma ku masu kallon Firimiya, sunan kulob ɗin Crystal Palace daga irin wannan ginin ya fito, wani mai kula da lambu Joseph Paxton ne ya tsara ƙaton ginin gilashi don baje kolin 1851 a Landan, ya yi amfani da ƙwarewar da ya samu wajen gina wa shuke-shuke ɗaki, ginin ya ƙone a 1936 amma sunan bai mutu ba.

Nan ne inda nake so a natsu, don nan mutanenmu suka fi kuskure. Akwai greenhouse akwai glasshouse, aikinsu ɗaya, amma greenhouse ta fi faɗi kuma ita aka fi ji ko'ina, musamman a Amurka inda da wuya ka ji mutum ya ce glasshouse. Turawan Ingila su ne ke faɗinta, yawanci in suna nufin manya na 'yan kasuwa ko na lambun gwamnati. To abin lura shi ne kowace glasshouse greenhouse ce amma ba kowace greenhouse ce glasshouse ba, sai in da gilashi aka yi ta. Waɗanda ake kafawa a nan wajenmu, masu ƙarafa da aka lulluɓe da farar leda mai kauri gefe kuma raga, ba gilashi ko ɗaya a jikinsu, saboda haka in za ka rubuta takardar neman tallafin noma ko furojet ɗinka na makaranta, greenhouse za ka sa. Ka rubuta glasshouse mai karantawa ya zo ya tarar da leda, sai ya ɗauka ko dai ba ka san abin da kake nema ba ko kana son kumbura kuɗin, kuma duk biyun ba su yi maka kyau ba. Mu ma ai ba ɗumi muke nema ba, garin da zafi ke wuce digiri 40 kafin damina ta faɗi, ka rufe tumatir cikin gilashi ba fanka ba komi ai dafa shi ka yi. Abin da manominmu ke so inuwa ce da tare ƙwari da kare shuka daga dukan ruwan sama, duk wanda ya ga ɓarnar da tsutsar tumatir ta yi a Arewa a 2016 ya san darajar ragar nan.

Sai mataki na gaba, in ka ga kalmar kuma ba maganar shuka ake ba, kar ka yi saurin fassara, duba waye ke magana. In sojan Birtaniya ne ya ce an kai wane glasshouse to kurkukun soja yake nufi, ba wai an tura shi ban ruwa ba. Asalin abin wani gidan yarin soja ne a garin Aldershot da rufinsa ke da gilashi, sojoji suka laƙaba mashi sunan, daga baya ya zama sunan duk wani wurin da ake tsare soja mai laifi. Shi wancan na Aldershot fursunoni sun yi bore a 1946 sun cinna mashi wuta, yanzu a Colchester suke tsare nasu, amma har yau kalmar na bakinsu. Wannan maganar bariki ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis.

In kuma ɗan jaridar wasanni na Najeriya ne, to amsar ɗan yayata ke nan, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa NFF yake nufi. Laƙabin ginin tsohon ofishinsu ne da aka daɗe da sani a Wuse cikin Abuja, sai sunan gini ya koma sunan mutanen ciki, daidai yadda Bakatsine zai ce Ƙofar Soro ta yi kira kowa ya san fada ake nufi ba ƙofar kanta ba. Shi wannan a rabe ake rubuta shi da manyan baƙaƙe, Glass House, kuma ka sani namu ne na gida, ka faɗa wa Bature haka nan ba bayani ba zai gane ba.

Akwai tsohuwar ma'ana ta masana'antar da ake narka gilashi, yanzu an fi cewa glassworks, sai a tsofaffin rubuce-rubuce za ka gan ta. Ita ce ta sa Kyaftin Cook, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, ya sa wa wasu duwatsu a Ostireliya suna Glass House Mountains a 1770, don sun yi mashi kama da murhun narka gilashi na yankinsu.

Sai karin maganar da kowa ya fi ji, people who live in glass houses shouldn't throw stones. A nan ma a rabe take, don gidan zama ake nufi ba na shuka ba. Ina yawan ganin an fassara ta kai tsaye a Facebook wai wanda ke gidan gilashi kar ya yi jifa, ana ganewa amma ba ta da gishiri, mu muna da namu da suka fi ta zama a baki, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani, ko gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai dai akwai ɗan bambanci da ya kamata ka riƙe, ta Turawan tana ɗauke da kashedi, wato kai ma fa kana da abin faɗi, in ka jefo za a rama kuma naka ne mai fashewa. Saboda haka magana ce mai zafi, tsakanin sa'o'i ake yinta ko a muhawarar siyasa, ban yarda yaro ya faɗa wa malaminsa ko ogansa a wurin aiki ba ko da da wasa ne, kamar yadda ba za ka kalli Baffanka ka yi mashi karin maganar gwano ba. Turawan ma sau da yawa rabi suke faɗi, su ce people in glass houses su yi shiru, mai ji ya ƙarasa da kansa.

Abu ɗaya da na ƙara ja wa yaron kunne a kai kafin mu tashi, da yake bana zai zauna WAEC, shi ne maganar ɗumamar yanayi. Duk da cewa daga wannan ɗakin shukar aka aro hoton, sunan da aka sani a littafin kimiyya greenhouse effect ne da greenhouse gases, kar wayo ya sa ka canza ka rubuta glasshouse a wurin don ka nuna ka san sabuwar kalma, mai duba jarabawar abin da ke cikin takardarsa zai bi. Na sa ya buɗe littafinsa na Jogirafi a nan kan bencin mai shayi ya ja layi ƙarƙashin greenhouse ɗin da biro.