Yadda za ka dawo da faifan ofis da ya katse daga kwamfutarka

Ka shigo ofis da safe, ka buɗe This PC, sai ga jan kuros a kan faifan Z: da kowa ke ajiye takardu a ciki. Kwantar da hankalinka, babu abin da ya goge. Takardun suna can a kwamfutar da ke riƙe da su, hanya ce kawai ta yanke.

Fara da danna faifan sau biyu. Sau tari Windows kan riga sadarwa tashi, sai ta sa alamar, amma kana taɓawa ya buɗe.

In ya ƙi, miƙe ka je ka ga ko waccan kwamfutar a kunne take. Ka leƙa bayan taka ma, ka ga ko fitilar da ke bakin wayar sadarwa tana ƙiftawa. Na sha ganin an ɓata awa guda ana tone-tone, ashe waya ce ta zare wajen shara.

Babban mai laifi dai ɗaukewar wuta ne. Duk lokacin da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, ta mutu ta dawo, tana iya raba wa kwamfutoci sababbin lambobin adireshi, taka kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohon gida. A kwamfutar da ke riƙe da takardun, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd ka danna Enter, a tagar da ta buɗe rubuta ipconfig ka sake danna Enter, ka kwafi lambar da ke gaban IPv4 Address. A ce 192.168.1.15 ce. Dawo taka ka buɗe cmd, ka rubuta ping 192.168.1.15 don gwada ko taka na iya kaiwa ga waccan. In amsa ta dawo, cire tsohon haɗin:

net use Z: /delete

Sai ka ɗaura sabo, ka sa sunan foldarku a madadin Takardu:

net use Z: \\192.168.1.15\Takardu /persistent:yes

Don kada gobe a maimaita, sa mai kula da rauta ya keɓe wa waccan kwamfutar lamba ɗaya tak.

Idan kuwa kalmar sirri aka canza, shiga Credential Manager a Control Panel, ka goge tsohuwar a ƙarƙashin Windows Credentials, ka shigar da sabuwa.

Wasu za su ce ka kunna SMB1, tsohon tsarin raba takardu tsakanin kwamfutoci. Ni ban ba ka wannan shawara ba: ta wannan ƙofa muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta kulle kwamfutoci a faɗin duniya a 2017. In tsohuwar na'urarku ba ta jin komai sai shi, a sabunta manhajarta ko a canza ta.