Tausa ba ta miƙar da ƙashin baya: kurakuran da iyaye ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin abu ɗaya a sashen gashin ƙashi. A kawo yarinya 'yar shekara 15, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, allon kafaɗar dama ya turo riga, ka tambayi mahaifiyarta yaushe aka lura, ta ce ai an daɗe, ana dai yi mata tausa da man zafi.

To, ku ji da kyau. Karkacewar ƙashin baya ba ɗaurewar jijiya ba ce da za a murza ta warware. Ƙashin ne ya lanƙwashe gefe, ya kuma murɗe, haƙarƙari suka bi shi, shi ya sa idan yaro ya sunkuya sai ka ga tudu a ɓangare ɗaya na gadon bayansa. Babu hannun da zai kai can. Tausa na sauke gajiyar tsoka, ni ma ina yi wa yara bayan atisaye, kamar minti goma, a hankali, ba na danna kan ƙashin. Iyakarta ke nan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne lokacin da ake ɓatawa. Karkacewar tana ƙaruwa ne sa'ad da yaro ke tsayi da sauri, ga 'yan mata tun kafin su fara al'ada zuwa kamar shekara biyu bayan haka, kuma su ne ta fi tsananta a kansu. A wannan tsakanin ne kawai ake iya tare ta. 'Yar yayana haka aka yi mata. Ina makaranta a wani gari aka kai ta wurin wani mai ɗori, ya ce ƙashi ne ya goce. A kwantar da ita rub da ciki, mutum ɗaya ya riƙe hammata, ɗaya ya ja ƙafa, shi kuma ya sa gwiwa a kan tudun ya danna. Tana ihu, ana cewa ta daure, ciwo ne ke fita. Kafin a ɗauki hoton ƙashi na farko karkacewar ta wuce digiri 50 a awon lanƙwasar baya. Aiki aka yi mata, aka sa ƙarafa, yayana ya sayar da filinsa. Mai ɗori gwanin karaya ne, ban raina shi ba, amma wannan ba karaya ba ce, kuma wanda bai ga hoto ba bai da hurumin taɓa bayan yaro.

Hoton ake fara yi, a tsaye ba a kwance ba, likita ya auna. Daga digiri 10 ake kiranta karkacewa. Ƙasa da 25, sa ido ne da atisaye, a riƙa dawowa awo. Daga 25 zuwa 40, in yaro bai gama girma ba, rigar roba mai tauri ake ƙera masa daidai jikinsa. Kusan 45 zuwa 50 ake fara maganar aiki. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala na nan.

Kuskure na biyu: a ba yaro rigar, iyaye su ce ai yana motsa jiki, a rataye ta a ƙusa. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2013, ya nuna kashi 72 cikin ɗari na yaran da suka sa rigar ba su kai matakin aiki ba, waɗanda ba su sa ba kuwa kashi 48 ne, kuma wanda ya fi daɗewa da ita a jiki kullum shi ya fi cin riba. Na san zafin Afrilu, na san ƙuraje. Ni abin da nake cewa, a sa singileti ta auduga a ciki, a canza ta in ta jiƙe, a cire rigar da tsakar rana don wanka da atisaye, a kwana da ita. Tausayin da zai sa ki cire mata da daddare, Hajiya, ba tausayi ba ne.

Sai masu kwaikwayon atisaye daga YouTube. Tsarin Schroth, wanda Katharina Schroth ta fara a Jamus a 1921, ana tsara shi ne bisa ɓangaren da bayan ya karkata: yaro ya tsaya gaban madubi, ya miƙar da kansa, ya tura numfashi cikin ɓangaren haƙarƙarin da ya lotsa. Wanda nasa ya yi hagu ya kwaikwayi na mai dama, wahalar banza ya sha. A koya wurin likitan gashin ƙashi, sannan a ci gaba a gida kullum.

Jakar makaranta ko farantin talla ba su ke kawo ta ba, a daina ɗora wa juna laifi. Tsawar "ki miƙe mana!" ba ta gyara komai, ba da gangan take yi ba. Kada a hana yaro ƙwallo ko guje-guje.

Amma in doro ne mai tsini ya fito a tsakiyar baya, ga ciwo da ke tada shi barci, ga zazzaɓi da gumin dare da rama, ko ƙafafu na rasa ƙarfi, a ajiye man tausa a nufi asibiti ranar. Tarin fuka na kama ƙashin baya, dannawa na iya jawo shanyewar ƙafafu.

Hijabi da babbar riga na ɓoye abin nan, sau da yawa tela ne ke fara cewa gefe ɗaya na siket ya fi sauka. Daga shekara 10, uwa ta riƙa sa 'yarta ta haɗe ƙafafu ta sunkuya, hannuwa a sake, ta tsaya ta bayanta ta duba ko ɓangare ɗaya ya fi tudu.