Kurakuran da aka fi yi wajen kallon zanen matan Japan

Zanen kyawawan mata da Japanawa ke kira bijin-ga ya bunƙasa ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Mai kallo yakan tsaya kan fuska, alhali labarin yana jikin tufafi.

Babban kuskure shi ne kiran duk macen da ke sanye da kimono, doguwar rigar gargajiyar Japan, geisha, wato mai sana'ar nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa. Da yawa daga cikin waɗanda mai zane Kitagawa Utamaro ya zana manyan karuwan unguwar Yoshiwara ne, a birnin da ake kira Tokyo a yau, wasu 'yan matan shagon shayi, wasu kuma matan aure suna ɗinki ko shayar da jariri. Gyaran abin mai sauƙi ne: ka dubi ɗamara. Idan an ƙulla ta a gaba da ƙaton ƙulli, ga tsinkunan ado birjik a gashi, to oiran ce, wato babbar karuwa. Geisha a baya take ƙulla tata, kwalliyarta kuma ba ta da hayaniya. Hannun riga mai tsawo har yana neman jan ƙasa na budurwa ne. Baƙaƙen haƙora kuwa rini ne da matar aure ke yi, idan ta haihu sai ta ƙara da aske gira.

Wani zanen ma ba na mace ba ne sam. A 1629 aka hana mata hawa dandalin wasan kwaikwayon kabuki, maza suka koma fitowa a matsayinsu. In ka ga ƙyallen shunayya a saman goshi, namiji ne ya rufe wurin da aka aske masa.

Akwai masu cewa fuskokin duk iri ɗaya ne, wai masu zanen ba su iya ba. Ni dai ban yarda ba. Kyawun da ake yayi a lokacin suke zanawa, ba kamannin wance ba, shi ya sa matan Suzuki Harunobu suke ƙanana sirara, na Torii Kiyonaga kuma dogaye.

Sai ɗaukar kowane hoto a matsayin aikin hannun mutum ɗaya. Yawancinsu bugu ne: wannan ya zana, wancan ya sassaƙa katako, wani ya buga, kowane launi da katakonsa. Bugu mai launuka da yawa ya fara ne a 1765. Zanen hannu na gaske, irin na Uemura Shoen da ta rasu a 1949, a kan siliki ko takarda ake yin sa, kwafi ɗaya tak.

Masu ɗora hotuna a intanet kuma su daina juya su hagu ya koma dama. Ɓangaren hagu na kimono shi ke hawa kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa. Wanda ya mallaki tsohon bugu kada ya rataye shi inda rana ke dukansa, domin daga tsirrai aka samo yawancin launukan, shuɗi da shunayya ne ke fara koɗewa.